Yunwar Luba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci jiki ya kuma san abin da ya zuba a cikinsa. Sunana Saratu, matar Malam Garba tela a kasuwar Shagari. Muna zaune a Lambara. Abin da zan ba da labarin jinyar ɗiyata Lubabatu ne, wadda kowa ke kira Luba. Ta rasu bara da damina tana da shekara goma sha ɗaya. Ba don na gano magani nake rubutu ba, don ban gano ba. Ina so ne uwar da ke da irin Luba a ɗaki ta san ba ita kaɗai ba ce, ta kuma tashi neman likita da wuri fiye da yadda na tashi.

Luba ita ce ta uku a wurina, bayan Nasiru da Hadiza. An haife ta daidai wa daida, ba ta fi yayyenta girma ba. Amma kafin a yi arba'in ta fara bambanta. Nono ba ya isar ta. Ina cire ta sai kuka, irin kukan da ke sa ka ɗauka wani abu ya cije ta. Ta yi ɓul-ɓul, mata suna karɓar ta hannu-hannu suna cewa, "Tubarkalla, wagga ɗiya ta Saratu kamar ta masu kuɗin birni." Ni ma daɗi nake ji. A garinmu jariri mai ƙiba shi ne mai lafiya, ba wanda ya taɓa gaya mini akwai wata magana bayan wannan.

Da ta kai shekara huɗu yabon ya ƙare, aka koma dariya. Tukunya ɗaya muke ci, tuwon gero ne da miyar kuka, fura da rana, amma Nasiru da Hadiza kamar kara, ita kuwa goyo ya gagara tun kafin yaye. Tana gama nata kwano sai ta zuba wa na wasu ido. Ba faɗa take yi ba, kallo ne kawai, hawaye na zuba. Na sha tarar da ita tana cin gero tsaba a gindin turmi. Maƙwabta suka fara rufe ɗaki in sun ji tafiyarta. Yara suka sa mata suna Buhu.

Ba na so a ɗauka cin abinci ne kaɗai Luba. Yarinya ce mai baki da ban dariya, kuma tun tana ƙarama hannunta ya faɗa da kitso. Da tafiya makarantar allo ta fara yi mata wuya, ga tsokanar yara a hanya, sai ta zauna a gida, 'yan matan unguwa suna zuwa tana yi musu kitso a ƙofar ɗakina. Waɗanda ke kiran ta Buhu a waje su ne ke sunkuyar da kai a gabanta ranar jajibirin salla, kuma ba ta taɓa korar kowa ba.

Shawara kam mun sha ta. Surukata, wadda kuma gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, ita ce kan gaba. "Aljani na," in ji ta. "Shina cikinta, shi ka cin abincin." Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi sadaka. Wasu suka ce tsamiya da sassafe, wasu lemun tsami a ruwan ɗumi. Wata ta kawo wani shayi daga kasuwa wai yana narkar da kitse, ya sa ta gudawa har ta kasa tsayuwa. Wani kawun Malam ya ce sangarta ce, bulala za ta gyara. Malam ya ɗauki tsumagiya sau ɗaya, ya dube ta, ya ajiye, ya fita gidan. A ƙarshe muka sa wa ɗakin ajiya kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Sai kuma aka fara cewa ina hora ɗiyata da yunwa.

Ciwon da ya tafi da ita ya fara ne da tari da zazzaɓi, lokacin da gero ya fara rufe ƙasa. Dama Luba ba ta daɗewa ba ta kwanta ba, in ba mura ba ƙuraje, in ba ƙuraje ba ciwon kunne, don haka ban tsorata ba. A makon farko mai kemis a Shagari ya ba mu maganin maleriya. Zazzaɓin ya sauka ya sake hawa. A na biyu ƙafafunta suka kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta daina iya kwanciya, sai dai a jingina ta da bango ta yi barci a zaune. Tana cikin minshari sai numfashin ya ɗauke, in yi ta jira, in yi ta jira, sai ta zabura ta ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Babur ɗin kabu-kabu ba ya ɗaukar ta, sai mota. Direban da muka samu a bakin titi ya dube ta ya ce kujerar mutum biyu za a biya. Malam bai yi musu ba. A asibitin Bodinga ma'aikacin da ya duba ta ya sa abin sauraro a ƙirjinta, sannan ya ce mu wuce birni yau ba gobe ba. Allah ya saka masa, don bai ɓata mana lokaci ba.

A asibitin da muka je a Sakkwato layin yankar kati kaɗai ya cinye mana safiya. Luba na zaune a ƙasa don benci ya cika, mutane suna wucewa suna waiwaye, wani ma ya ɗaga waya zai ɗauke ta hoto sai da Nasiru ya tare gabanta. Da aka zo awo, sikelin yara bai iya ɗaukar ta ba, aka tura mu ɓangaren manya. A can wata ma'aikaciya ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ku yi ta ɗura wa yara abinci, in sun kumbura ku kawo mana." Luba ta ja gefen hijabina ta ce, "Inna, mu tahi gida." Har yau in na tuna matar nan sai in ji ɗaci a bakina. Na yafe mata, amma ban manta ba.

Aka ba mu gado. Neman jijiya ya zama wani ciwon daban, an huda hannu, an huda ƙafa, kafin wata tsohuwar nas mai haƙuri ta samu a bayan hannu. Aka ce ciwon huhu ne, kuma zuciya ta gaji da ɗaukar nauyi. Aka sa mata robar iska a hanci.

Washegari likitar yara ta zo, wata doguwar mace mai magana a hankali. Ita ce mutum ta farko da ta ja kujera ta zauna kafin ta yi mana tambaya. Ni da Malam da Gwaggo muna tsaye. Ba ta tambayi me Luba ke ci ba. Ta tambayi yaushe abin ya fara, na ce tun tana nono. Ta tambayi ko ta taɓa barin abinci a kwano, na ce ban taɓa gani ba. Ta tambayi yayyenta, na ce sirara ne. Sannan ta ce, "Ke da maigidan 'yan'uwa ne?"

"Ɗan gwaggona ne," na ce. "Ga ta nan."

"A danginku an taɓa yin yaro mai irin wannan jikin tun yana ƙarami?"

Na ce a'a. Malam ya dubi mahaifiyarsa. Gwaggo ta juya fuska wajen taga. Likita ba ta matsa ba, ta ci gaba da jira. Can Gwaggo ta ce, ba tare da ta juyo ba, "An yi Buba."

Ban taɓa jin sunan ba, ni da na tashi ina shiga gidan. Ashe Malam yana da wa, ɗan farin Gwaggo, wanda ya rasu tun kafin a haife ni. "Haka shi ma yake," in ji Gwaggo. "Ba shi ƙoshi. Mun kai shi wurin malamai har Dandin Mahe. Bai daɗe da kaciya ba ya kwanta da tari, shi ke nan. Anka ce ni na yi sakaci da shi, sai na bar zancen." Ta goge ido da gefen mayafi. "Akwai kuma wata ƙanwar kakanku, an ce ita ma haka."

Likita ta yi mana bayani, kuma maganarta na nan a kaina kamar yau ta faɗa. Ta ce yawancin ƙiba abubuwa da yawa ne ke haɗuwa su kawo ta, abinci da zama wuri ɗaya da kuma abin da mutum ya gada, kuma mutane ba ɗaya suke ba, wani jikinsa ya fi saurin tarawa. Amma akwai yara 'yan kaɗan da nasu daban ne. Ta ce jiki yana da wani ɗan saƙo da yake aika wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, a dakata. A cikin ƙwayoyin halitta da yaro ke gada daga uwa da uba, wani lokaci akan sami ɗan canji, sai saƙon ya ƙi fita, ko ya fita ya ƙi isa. Uwa na iya ɗauke da rabi, uba na ɗauke da rabi, su duka lafiyarsu lau, sai a kan yaro ɗaya su haɗu. "Irin wannan yaron," in ji ta, "ko ya ci kwano goma, kansa yana gaya masa bai ci komai ba tun jiya."

Na ce, "Likita, shi ne abin da ke damun ta?"

"Ina zargin haka. Ban ce tabbas ba. Sai an yi gwajin jini na musamman, kuma mu nan ba ma yin sa."

Malam ya ce, "To ina aka yi nai?"

Ta ce akwai wuraren da ake aika jini, wasu ma sai ƙasar waje, za ta tambaya. Ta ce ko an gano, wasu nau'o'in suna da allura a can, wasu ba su da ita, kuma ba ta son ta ɗora mu a kan fatan da ba ta da ikon cikawa. Abin da ke gabanmu yanzu huhu ne da zuciya.

Malam ya daɗe yana kallon ƙasa. "Ashe mu munka ba ta," ya ce.

"Malam, ba wanda ya zaɓi abin da zai ba ɗansa," in ji ta. Ta juya ga Luba, wadda muka ɗauka barci take. "Ke kuma ba kwaɗayi ne da ke ba, kin ji? Yunwarki gaskiya ce."

Luba ta buɗe ido ta ce, "Inna, kin ji ko?" Na ce na ji.

Makonnin da suka biyo sun cakuɗe mini. Zazzaɓi ya sauka, kumburi ya ragu da maganin fitsari, sai mu yi murna, bayan kwana kaɗan ya dawo. In wuta ta ɗauke na'urar iska ta tsaya, Nasiru ya ruga neman tulun iska, ni ina fifita da murfin kwano. Awakina suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, Malam ya sayar da keken ɗinkinsa na biyu, aikin gona kuwa 'yan'uwa ne suka yi mana gayya. Maganar gwaji ta tsaya a tambaya. Likita ta kira nan ta kira can, abin da aka faɗa mata ko mun sayar da gonar ba zai kai ba, kuma amsar sai ta yi watanni. Ranar da ta gaya mana, ita ce ta fi mu jin kunya.

Abin da ya fi komai wuya shi ne abinci. An tsara mata ɗan tuwo kaɗan, ganye da yawa, ba gishiri, ba soye-soye. Ƙanena daga Danchadi yana kawo zogale da rama duk ranar da ya sami mota. Amma ɗakin marasa lafiya ɗakin ƙamshi ne, kowa da kular da aka kawo masa. A gida ina da kwaɗo da makulli, a nan ba ni da komai. Da can in ta yi kuka nakan ce wa kaina rigima ce, za ta daina. Yanzu na san ba rigima ba ce. Na san ɗiyata yunwa take ji kamar wanda ya kai azumi la'asar, kuma ni ce zan ce mata a'a. Sanin bai sauƙaƙa mini komai ba, ƙara nauyi ya yi.

Wata rana na dawo daga karɓo magani na tarar da maiƙo a bakinta. Matar gadon kusa, mai jinyar jikanta, ta ba ta ƙosai. Na yi mata magana, ta ce, "Baiwar Allah, yarinya na kuka tana kallona, in ci in hana ta? Ni ban iya ba." Ni ma ban iya ba, yi kawai nake.

Da ta ɗan samu sauƙi aka sallame mu, da sharaɗin mu riƙa dawowa. Lambara ta yi nisa, sai muka sauka a Bodinga gidan yayata Hajo, wadda ta kwashe kayanta ta bar mana ɗakinta. A can Luba ta yi kwanakinta mafi daɗi. Tana jingine da matashi ta yi wa 'yan gidan kitso, tana hutawa a tsakanin layi da layi. Har ta tsokani Gwaggo, ta ce, "Gwaggo, ina aljanin naki? Likita ta kore shi?" Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.

Ba mu cika mako biyu ba zazzaɓi ya dawo, leɓenta ya yi duhu. Muka koma. A wannan karon ko robar iska ba ta riƙe ta sosai. Likita ta kira Malam gefe, na ga yadda kafaɗarsa ta sauka, ban buƙaci a gaya mini ba. Da ta dawo ta ce mini, "Ki ba ta duk abin da ta nema."

Da safe na aika Nasiru ya samo fura mai kyau da nono, aka dama da sukari yadda take so, irin wadda na shekara ina hana ta. Na tallafo kanta na kai ludayi bakinta. Ta sha ɗaya, ta sha biyu. A na uku ta kau da kai.

"Inna, na ƙoshi."

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba. Wallahi sai da zuciyata ta yi fari, na juya zan ce wa Gwaggo ta warke. Da na ga fuskar Gwaggo sai na ajiye ƙwaryar. Luba ta cika a ranar, bayan la'asar, kanta a cinyata, babanta yana yi mata kalmar shahada.

A zaman makoki a Lambara wata mata ta ce, tana zaton ba a ji, ai ciye-ciye ne ya kashe yarinyar. Gwaggo, wadda ba ta ɗaga murya a taro, ta ce, "Ke, riƙe bakinki. Wagga ɗiya da yunwa ta zo duniya, kuma cikin jininmu ta same ta. Ni na binne irin ta tun ba a haife ki ba."

Ina gode wa likitar nan, da tsohuwar nas, da Yaya Hajo, da mutanen da suka nome mana gona. Allah ya biya su. Amma ina da ƙorafi, kuma ban san wa zan kai wa ba. Shekara goma sha ɗaya ina yawo da yarinyar nan wuraren rigakafi da ɗakunan shan magani, ba wanda ya taɓa cewa wannan ƙibar ba ta lafiya ba ce, sai dai a ce in rage mata tuwo. Da aka zo aka sami mai ganewa, gwajin ba ya ƙasarmu, maganin ma in akwai shi ba namu ba ne. Har yau ban san sunan abin da ya kashe ɗiyata ba. "Wataƙila" kawai nake da shi. Abin da zan iya cewa, in jaririnki ba ya ƙoshi, yana ƙiba fiye da ƙima tun yana nono, kada ki tsaya ga tubarkallar mata. Ki nemi likitan yara, ki kuma tambayi tsofaffin gidanku waɗanda aka binne ba a faɗa. In kuma ɗan wani ne, ku bar sa masa suna.

Bayan girbin bana Nasiru ya same ni ina sussuka a bayan ɗaki. Ya tsuguna nesa kaɗan, yana wasa da zangarniya. Na daɗe da sanin yana son Safiya, ɗiyar Yaya Hajo, ita ma tana son sa, kuma manya sun fara magana.

"Inna, ina wurin ranar da likita ta yi bayani," ya ce. "Ni ma ina iya ɗauke da rabin?"

Na ce tana yiwuwa.

"Safiya hwa?"

Na ce ita ma tana yiwuwa, tana kuma yiwuwa ba ko ɗayanku. Na gaya masa na koma wurin likita a kan maganar nan tun kafin ya tambaya, ta ce ba tare da gwaji ba ba za ta iya cewa a yi ko a bari ba.

"To ke mi kika ce? In kin ce in bari, sai in bari."

Na dubi yaron nan da ya yi ta gudu da tulun iska a kafaɗa. Na so in ba shi amsa irin ta uwa, wadda zai riƙe ya tashi da ita. Na duba cikina ban samu ba.

"Ban sani ba, Nasiru," na ce.

Bai tashi ba. Ya jawo ɗaya taɓaryar, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro, ya tsaya a ɗaya gefen turmin, muka ci gaba da sussukar.